Hanyar Nalabo Da Akwatin Wutar Matafiya

A wannan mako tafiya za mu yi mai nisa, domin ƙasar Ostireliya za mu, can kudu maso gabas, bayan an ƙetare tekun Indiya. Ku matan aure ku ɗan jingine tsintsiya, ku kuma 'yan makaranta ku ɗauko taswira da fensir, don akwai lissafi a gaba, amma ba mai wuya ba ne.

Mutanen wannan ƙasa suna da wata al'ada da za ta ba ku mamaki. Idan mutum ya tsufa ya ajiye aiki, 'ya'ya sun girma sun kama gabansu, maimakon ya shimfiɗa buzu a ƙofar gida kamar yadda dattawanmu ke yi, sai shi da matarsa su sayi wani ɗaki mai ƙafafun mota, su ɗaura shi a bayan motarsu, su kulle gida su shiga duniya. Wannan ɗaki shi Turawa ke kira karaban, watau sunan da suke kiran ayarin fatake da shi. A cikinsa akwai gado, da murhun gas, da ɗan firji, da tankin ruwa, wani ma har da makewayi da wurin wanka. Waɗansu sukan yi wata uku a hanya, waɗansu shekara guda cur, suna bin babbar hanyar da ta kewaye ƙasar duka, mai tsawon wajen kilomita 14,500. Har suna aka laƙaba musu, ma'anarsa makiyaya masu furfura, ko da yake ba sa kora ko akuya ɗaya. Ba tsofaffi kaɗai ke wannan yawo ba. Akwai masu ƙananan yara, akwai kuma waɗanda tanti kaɗai gare su, sai su kafa shi duk inda dare ya yi musu.

To, duk wanda zai kewaye ƙasar, tilas ya ratsa wani fili a kudancinta da ake kira Nalabo, Turawa kuwa suna rubuta shi Nullarbor. Sunan daga harshen Latin ya fito, ma'anarsa babu itace. Girman filin ya kai wajen murabba'in kilomita 200,000, duk shimfiɗa ɗaya ce ta farin dutse irin wanda ake ƙonawa a yi siminti. Dutsen nan yana da ƙofofi kamar rariya. Ɗan ruwan saman da ake samu, wajen milimita 200 a shekara (Kano takan sami ninkinsa uku ko fiye), da ya sauka sai ya zurare cikin ramuka da kogwannin ƙarƙashin ƙasa. Saboda haka babu kogi, babu tafki, sai waɗansu gajerun tsirrai masu launin toka waɗanda da ƙyar suke kai wa mutum ƙugu. In kin tsaya kin duba gabas kin duba yamma, sai ki ga kamar an kife ƙwarya a kan faifai.

Tun kafin zuwan Turawa akwai mutanen asali da ake kira Mirning, suna zaune ta gefen teku, sun san inda ake tona rairayi a sami ruwa. Baturen da ya fara ratsa gefen filin ta ƙasa shi ne Edward John Eyre, cikin shekarar 1841. Ya sha wuya ainun, abokin tafiyarsa Bature ya rasu a hanya, a ƙarshe shi da wani saurayi ɗan asalin ƙasar mai suna Wylie suka isa garin Albany. Hanyar motar ma sunansa aka sa mata. An share ta a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ba a gama zuba mata kwalta ba sai 1976. Jirgin ƙasa ya riga ta, tun 1917 yake ratsa tsakiyar filin, akwai inda dogon ya miƙe kilomita 478 ba kwana ko ɗaya.

In kin taso daga gabas, garin ƙarshe mai manyan kantuna da asibiti shi ne Ceduna, ɗan ƙaramin gari a bakin teku. Daga nan har Norseman, wajen kilomita 1,200, abin da za ki riƙa tararwa zanguna ne: gidan mai, ɗakin cin abinci, 'yan ɗakunan kwana, da fili a baya inda ake ajiye karaban. Tsakanin wani zangon da wani sai a yi kusan kilomita 200. Ruwa a wurin abu ne mai daraja, ba a ɗiba yadda aka ga dama. Matafiya da yawa kuwa ba a zangon suke kwana ba, sukan ratse a wuraren hutu na gefen hanya inda ba a biyan ko kwabo, babu kuma waya ko ɗaya ta lantarki. Duk wutar da za su yi amfani da ita a daren nan, a cikin karaban ɗinsu suka zo da ita.

Kada ki ɗauka maganar kallon talabijin ce kawai. Cikin waɗannan tsofaffi akwai masu ciwon sukari, maganin allurarsu ba ya son zafi, tilas ya zauna a firji, ga shi kuwa a tsakiyar zafinsu, daga Disamba zuwa Fabrairu, rana takan haura digiri 40. Akwai waɗanda numfashinsu ke ɗaukewa cikin barci, sai likita ya ba su wata 'yar na'ura mai hura musu iska a hanci dare duka. Wayar hannu kuma dole ta kasance da caji, ko da yake akwai dogayen wurare da ba ta samun sabis. Janareto fa? A wuraren zango da yawa an hana ta da shi da dare saboda ƙara. Shi ya sa kafin a bar Ceduna, abin da ake dubawa bayan mai da ruwa da tayoyi shi ne batir da inbata.

Inbata ba baƙuwa ba ce a wurinmu, gidaje da yawa suna da ita saboda ɗauke wuta. Amma da yawa cikinmu ba mu san ainihin aikinta ba, sai mu ce tana ba da wuta. Ba ta haifar da wuta ko kaɗan. Wutar tana cikin batir. Sai dai wutar batir bolt 12 ce, tana tafiya ta fuska ɗaya kamar ruwa a kwata. Ita kuwa wutar gida bolt 230 ce, tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa guda. Kayan gida irin su fanka da kwamfuta da talabijin wannan ta biyun suka sani. Aikin inbata shi ne ta karɓi ta farko ta juya ta zuwa ta biyu, shi ke nan. A cikin juyin ma takan ci ladanta, wajen kashi 10 zuwa 15 cikin 100 yakan tafi a zafi.

Ki ɗauki batir a matsayin randa, inbata kuwa moɗa. Faifan sola da ke kan rufin karaban, da injin mota sa'ad da ake tafiya, su ne masu ga-ruwa da ke cika randar. In kin sayi ƙatuwar moɗa, ruwan randa bai ƙaru ba, sai dai ya fi saurin ƙarewa. Wannan shi ne abin da masu saye da yawa ke mantawa, su shiga kanti su ce a ba su wadda ta fi kowace girma.

Zaɓen inbata a kan takarda ake fara shi, kuma a ganina aikin uwargida ne, domin ita ta san abin da ake kunnawa a gida da lokacin da ake kunna shi. Kowane kayan lantarki, in kin juya bayansa ko gindinsa, za ki ga an rubuta lamba tare da harafin W. Wannan shi ne wat, watau yawan wutar da yake ci. Sai ki rubuta waɗanda za a kunna lokaci ɗaya ki haɗa. Ga misali, kwamfutar hannu 60, fanka 50, ƙaramin talabijin 40, cajar waya biyu 40, na'urar numfashi 60. Jimla 250 ke nan. Ki ƙara rubu'in wannan a kai don kada inbata ta riƙa aiki da iyakar ƙarfinta, kin ga an haura 300 kaɗan. To, mai wat 400 ko 500 ta ishe ki har da saura. Amma da zarar kin ce sai kin tafi da abin da ke yin zafi, lissafi ya sake. Butar lantarki takan ci wat 2,000 ko fiye, dutsen guga 1,000 zuwa 2,000, akwatin ɗumama abinci sama da 1,000. Duk abin da aikinsa ɗumamawa ne, haɗama gare shi.

Yanzu ku 'yan makaranta, ga naku. In kina son sanin abin da inbata ke janyowa daga batir mai bolt 12, ki raba wat da 10, abin da ya fito shi ne amfiya, har da ladan inbatar a ciki. Fanka mai wat 50 tana jan amfiya 5. In ta kwana tana juyawa awa 8, ta sha 40 ke nan. Batirin da aka fi sa wa karaban yakan ɗauki amfiya-awa 100. Sai ki ce ai da saura 60. Ina! In batirin irin na dalma ne, rabinsa kaɗai ake ɗiba, in ana wuce haka kullum ba zai yi tsawon rai ba. Ashe 50 gare ki, fanka ita kaɗai ta kwashe 40, na'urar numfashin maigida kuwa ba a ma sa ta a lissafi ba. Batirin litiyam ya fi haƙuri, ana iya ɗibar kashi 80 ko fiye daga cikinsa, ga shi ba nauyi, sai dai ya fi tsada. Butar nan mai wat 2,000 kuwa amfiya 200 take ja muddin tana kunne. Tafasa lita ɗaya yakan ci wajen amfiya-awa 10, shayi biyar ya tashi da rabon yini duka. Da yawa daga batiran litiyam masu 100 ma an ƙayyade musu kada su ba da fiye da amfiya 100 a lokaci ɗaya, in an matsa musu sai su kashe kansu. Shi ya sa matafiyan da suka ga jiya suka ga yau a murhun gas suke dafa shayinsu.

Akwai kuma kayan da bai kamata a bi da su ta inbata ba sam. Firjin karaban yawanci an yi shi ne don ya sha bolt 12 kai tsaye daga batir. Fitilu ma haka. Waya kuma akwai ɗan soket da ke caja ta daga batir. Me zai sa ki juya wuta zuwa 230, caja ta sake mayar da ita ƙasa, ki biya lada sau biyu? In kin fitar da waɗannan daga lissafi, sai ki ga inbatar da kike bukata ta ƙara ƙanƙancewa, kuɗin da ya ragu a ƙara shi a batir ko a faifan sola. Faifai mai wat 200, in rana ta buɗe sosai, yakan mayar wa batir wajen amfiya-awa 60 a yini.

Da takardarki a hannu sai a shiga kanti. A jikin kwali za ki ga lambobi biyu, kuma yawanci babbar ce aka rubuta da manyan haruffa don ta ja ido. Wannan babbar ƙarfin ɗan lokaci ne, abin da inbata ke iya ɗauka na 'yan daƙiƙu, wata ma ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Tana da amfaninta, domin duk abin da ke da mota a cikinsa, kamar firjin gida ko famfon ruwa, a lokacin tashi yakan fizgi ninkin abincinsa sau uku ko fiye kafin ya daidaita. Amma lambar da za ki dogara da ita ita ce ƙaramar, wadda aka rubuta kalmar Continuous kusa da ita, watau abin da take iya ɗauka yini duka ba ta gaji ba. In kin juya kwali ta ko'ina ba ki ga wannan lamba ba, ki ajiye shi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. A kasuwanninmu kuma da kVA ake yawan auna inbata. Ki sani kVA ɗaya yawanci wajen wat 800 ne, bai kai 1,000 ba.

Sa'an nan sai irin wutar da take fitarwa, nan kuwa ina so ki natsu. Na ce miki wutar gida kai da komowa take yi. To, a wutar kirki wannan kai da komowa a hankali yake tafiya, kamar lilo, ya tashi sumul ya sauko sumul. Inbata mai kyau tana kwaikwayon wannan daidai, a jikinta za ki ga an rubuta Pure Sine Wave. Akwai wata mai araha da ake rubuta wa Modified Sine Wave. Ita wannan fizga take yi, ta yi tsalle sama ta tsaya, ta faɗo ƙasa ta tsaya, kamar mai hawan matakala. Ƙwan fitila na da, ko abin ɗumama ruwa, ba ruwansu, za su yi aiki. Amma fanka sai ki ji tana gurnani tana ɗaukar zafi, rediyo ya riƙa ƙugi, waɗansu cajoji su lalace, na'urar asibiti kuwa ba a wasa da ita a kan irin wannan wuta. A da bambancin kuɗinsu yana da yawa, shi ya sa mai arahar ta cika kasuwa. Yanzu tazarar ta ragu ƙwarai. Ni dai a wurina, wanda zai kwana inda kanti mafi kusa ke da nisan yini guda a mota, ba shi da dalilin sayen mai fizga. Araha ba ta ado.

Mu koma hanya, sauran bayanin ma a kanta za mu tsince shi. Bayan Ceduna za ki wuce Penong, garin da ya yi suna da injinan iska masu jawo ruwa daga ƙasa. Daga nan gonakin alkama za su fara ƙarewa, itatuwa su yi ta gajarcewa, har ki iso inda babu su sam, kusa da zangon da shi ma ake kira Nalabo. A gefen hanya akwai alluna masu launin rawaya da hoton dabbobi uku da za a yi hattara da su: kangaru, da wata gajeriyar dabba mai haƙa rami da ake kira wombat, da raƙumi. I, raƙumi. An kawo su ƙasar a ƙarni na 19 daga wajajen Indiya don ɗaukar kaya, da mota ta zo aka sake su, suka hayayyafa a daji. Saboda waɗannan dabbobi ba a son tuƙi da magariba ko da dare, kowa yakan nemi wurin kwana tun da sauran rana.

Kusa da nan hanya takan matso bakin teku, inda ƙasa ta yanke tsaye kamar an sa wuƙa, gangaren ya fi tsawon bene mai hawa goma sha biyar. Daga wajen Yuni zuwa Oktoba, manyan dabbobin tekun nan masu kama da kifi, waɗanda suka fi giwa girma nesa ba kusa ba, sukan zo gindin wannan gaɓa su haihu, ana tsayawa daga sama ana kallonsu da 'ya'yansu. Wurin kwana ne mai daɗi, ga iskar teku. A irin wannan dare ne kuma ake gane wani hali na inbata da mai kanti ba ya faɗa. Muddin tana kunne, ko ba a jona mata kome ba, tana shan wuta. Ƙarama takan sha rabin amfiya, babba ɗaya ko fiye. In an manta da ita yini da kwana, amfiya-awa 24 ta tafi a banza, kusan rabin rabonki ke nan a batirin dalma. Saboda haka ki tambayi wannan lamba kafin ki saya, ki kuma nemi mai makunni da za a iya kafawa kusa da gado ko ƙofa, don ita kanta inbatar a ɓoye take zama, in kashe ta sai an durƙusa, ba za a riƙa kashewa ba.

Inda ake ɓoye ta ɗin ma akwai magana. Kusa da batir ake so, domin wayar da ke tsakaninsu ta zama gajeriya kuma mai kauri. Mai wat 1,000 tana jan amfiya 100, wayarta takan kai kaurin ɗan yatsa. Siririyar waya a nan zafi za ta ɗauka har ta narke, gobarar karaban kuwa ba ta jira, ga gas a ciki. Dole a sa fiyus daidai bakin batir. Ramin nan na kunna sigari da ke gaban mota, wanda ake soka ƙananan inbata a ciki, yawanci bai wuce wat 120 zuwa 180 ba, duk abin da ya fi haka kai tsaye ake haɗa shi da batir. Batirin kuma ya zama na ɗakin ne daban, kada a taɓa na tayar da mota, in ba haka ba gari ya waye mota ta ƙi tashi a inda ba mai tura ki. Kada a ajiye ta wuri ɗaya da tukunyar gas, ko a rufe ta akwati ɗaya da batirin da ake zuba wa ruwa, don yana fitar da iska mai kamawa da wuta. A bar mata sarari ta sha iska, kada a jibga mata barguna, a kuma riƙa kakkaɓe ƙurar da ke toshe mata fanka. Inbatar kirki tana da hankalin kashe kanta in ta yi zafi, ko kaya sun yi mata yawa, ko batir ya yi ƙasa. Ki duba takardarta ki tabbata duk ukun suna nan.

Wani abu kuma, ku masu yara. Kada ganin daga ɗan batir ta fito ya sa ki raina ta. Bolt 230 na inbata yana kisa daidai da wutar da har yau muke kira ta NEPA. A Ostireliya doka ba ta yarda kowa ya ja wayar irin wannan wuta a jikin karaban ba sai ma'aikacin lantarki mai lasisi, kuma akan sa wani makunni mai yanke wuta da kansa da zarar ta fara bi ta jikin mutum. Wannan doka ta yi mini daidai. Mai sayen inbata daga wata ƙasa kuma ya lura, ta Amurka bolt 120 take bayarwa, ba za ta yi wa kayan Ostireliya ko namu amfani ba. A nemi mai garanti a rubuce, daga kamfanin da ke da inda za a kai masa ƙara in ta lalace. Kuma a gwada ta a ƙofar gida, a kunna mata duk kayan da ke cikin takarda, a kwana a karaban ɗin dare ɗaya ko biyu kafin a kama hanya.

A iyakar jihar Ostireliya ta Kudu da ta Yamma akwai shinge, ma'aikata za su buɗe firjinki da akwatunanki. Ba a shiga da ɗanyun 'ya'yan itace ko kayan lambu ko zuma, don gudun kai wa gonakinsu ƙwari da cuta. Uwargida mai dabara takan dafe tumatir da albasarta tun daren jiya. Kaɗan gaba sai Eucla, inda aka buɗe tashar wayar tangaraho a 1877. Yau rairayi ya binne ginin, sai saman bango ake gani. Agogon wannan yanki ma nasa daban ne, yana gaban na birnin Perth da minti 45. A waɗansu wurare za ki ga hanya ta ƙara faɗi, an ja fararen layuka a kan kwalta. Filin saukar jirgin likita ke nan, domin tun 1928 ƙasar take da likitocin da ke zuwa wa marasa lafiya na daji ta jirgin sama. In ya taso, sai a tsayar da motoci ya sauka a kan titi.

Daga zangon Caiguna hanya takan miƙe sambal, wajen mil 90, kilomita 146 da 'yan kai, ba a karkata sitiyari. Nan barci ke ɗaukar direba, matarsa ta yi ta jansa da hira. Amfanin doguwar tafiya irin wannan shi ne injin mota yana ta cika batirin ɗaki, kafin a tsaya randa ta kusa cika. Ƙarshen miƙaƙƙiyar hanyar yana kusa da Balladonia, inda a watan Yuli na 1979 ɓaraguzan tashar sararin samaniya ta Amurka mai suna Skylab suka faɗo, har yau akwai guntayenta a ɗan ɗakin tarihi na zangon. Daga nan itatuwa za su fara dawowa, dogaye masu jan jiki, har ki yi wajen kilomita 190 ki shiga Norseman, tsohon garin haƙar zinariya. A nan hanya ta rabu biyu, dama ta nufi Kalgoorlie, hagu ta gangara Esperance a bakin teku. A nan ne kuma za ki sami filin karaban mai soket a jikin turke, ki jona ɗakinki, ki kashe inbata, ki ɗora butar lantarki in kina da ita.